Akwatin Lasifikar Jita: Mai Buɗaɗɗen Baya Ko Mai Rufaffe?

A cikin shekarar 1962 wani mai koyar da kiɗan ganga da ake kira Jim Marshall, wanda yake da ɗan kantin sayar da kayan kiɗa a unguwar Hanwell ta yammacin birnin Landan, ya gamu da wata matsala wadda maganinta ya fito daga aikin katako. Shi da abokan aikinsa biyu, Ken Bran da Dudley Craven, sun haɗa na'urar ƙara ƙarfin sautin jita, watau amfilifaya, bisa tsarin wata ta kamfanin Fender na Amurka mai suna Bassman. Na'urar ta yi kyau ƙwarai, amma lasifikokin Celestion da ake samu a Ingila a wannan zamani wat 15 kaɗai kowace take iya ɗauka, saboda haka idan aka haɗa mata guda biyu aka buɗe murya, ba a daɗewa sai su lalace. Da Marshall ya ga haka sai ya raba musu nauyin. Ya jera lasifika huɗu masu faɗin inci 12 a cikin akwati guda, sa'an nan ya kawo allon katako ya rufe bayan akwatin ruf. Ita kuwa Bassman ɗin da ya kwaikwaya, lasifikokinta huɗu ne masu inci 10, bayan akwatinta kuma a buɗe yake, har mutum yana iya leƙawa ya ga wayoyi.

Tun daga lokacin nan makaɗan jita suke gardama a kan wannan allo guda ɗaya. Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka magana ce ta kwalliya, alhali kuwa idan aka ɗauki jita ɗaya da amfilifaya ɗaya da lasifika iri ɗaya, aka sa su a akwatuna biyu, ɗaya a buɗe ɗaya a rufe, ko wanda bai taɓa riƙe jita ba zai ji bambanci. Maganar ta shafi aljihu kuma, domin akwati mai kyau ba abu ne mai araha ba. Ɗalibin da ya yi tanadin shekara guda, da ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin sayo wa makaranta kayan kiɗa, duk suna iya kashe kuɗinsu a kan abin da ba zai yi musu aiki ba a wurin da za su yi wasa.

Abin da ke faruwa a cikin akwati

Lasifika dai wani faifan takarda ne mai siffar malfa, an manne masa naɗin siririyar waya a tsakiya, naɗin kuma yana zaune a cikin maganaɗisu. Idan lantarki ya bi ta cikin wayar, sai faifan ya riƙa zuwa gaba yana komowa baya. Wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric, Chester Rice da Edward Kellogg, su ne suka bayyana wannan tsari a 1925, har yanzu kuma shi ake bi. To, a duk lokacin da faifan ya tura iskar da ke gabansa, a daidai wannan lokaci yana barin gurbi a bayansa. Ke nan lasifika murya biyu take fitarwa, ta gaba da ta baya, kuma kishiyoyin juna ne: inda ɗaya ta matse iska, ɗayar sakinta take yi.

Wanda ya tsoma faranti a tsaye cikin baho cike da ruwa ya tura shi sannu a hankali, zai ga ruwan yana zagayawa ta gefe yana cike gurbin baya, ba tare da wata igiya ta tashi ba. Amma idan ya kaɗa farantin da sauri, ruwan ba ya samun damar zagayawa, sai igiya ta tashi ta bugi bakin bahon. Haka iska take yi wa lasifika. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a cikin sakan ɗaya. Tsirkiyar jita mafi kauri tana girgiza sau 82 a sakan, watau kowace igiyar sautinta tana da tsawon sama da mita huɗu. Daga gaban faifan zuwa bayansa kuwa, in an bi ta gefen akwati mai buɗaɗɗen baya, tafiyar ba ta kai mita ɗaya ba. Saboda haka iskar gaba tana da isasshen lokacin da za ta zagaya ta cike gurbin baya, sai wani kaso na muryar mai kauri ya cinye kansa tun bai bar wurin ba. Siraran muryoyi, waɗanda igiyarsu gajera ce, wannan asara ba ta cika shafarsu ba.

Idan aka rufe bayan akwati, an toshe wannan hanya ke nan. Muryar baya ta zama fursuna, kaurin da ke fita ta gaba ya tsira. Har ila yau iskar da aka kulle a ciki tana zama kamar matashi a bayan faifan: in ya koma baya ta tokare shi, in ya yi gaba ta jawo shi. Wannan shi ke hana faifan yin lilo fiye da kima, shi ne kuma asalin wannan dukan ƙirji da ake ji idan makaɗi ya danne tsirkiya da gefen hannu ya buga. Makaɗan gargajiya sun daɗe da sanin cewa abin da ke bayan fata yana da hannu a cikin murya. Kotso ƙasansa a buɗe yake, taushi kuwa a rufe, kowa kuma ya san ba a rikita muryar wannan da ta wancan.

Sai dai a lura, rufewa kaɗai ba ita ce ke kawo kauri ba. Idan akwatin ya yi ƙanƙanta, iskar ciki sai ta yi tauri, ta ƙuntata wa faifan, muryar ta fito a shaƙe kamar mai magana cikin tulu. Masana sun daɗe suna lissafin wannan abu. Neville Thiele na Ostiraliya ya buga bincikensa a 1961, Richard Small kuma ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970, har ya zama ana iya sanin girman akwatin da ya dace da kowace lasifika tun kafin a yanka katako. Masu ƙera kayan jita dai yawancinsu da kunne suka yi aiki, domin su ba muryar da ba ta da aibi suke nema ba. Wani aibin ma shi ne abin da makaɗi ke biya da kuɗinsa.

Yadda aka zo nan

Leo Fender, wanda sunansa ke kan akwatunan buɗaɗɗen baya da suka fi shahara, asalinsa mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, kuma shi kansa bai iya kaɗa jita ba. Amfilifayoyin farko da akwatin rediyo suka yi kama: na'ura da lasifika duk a gida ɗaya, baya a buɗe. Akwai dalili. Kayan wancan zamani da bawul suke aiki, watau ƙwayayen nan na gilashi irin na tsohuwar rediyo, su kuwa zafi suke yi sosai, tilas a bar musu hanyar shan iska. Ashe abin da aka yi don sanyaya na'ura shi ya ba kiɗan ƙauyen Amurka da kiɗan baƙaƙen fata na Cikago muryar da aka san su da ita. Deluxe Reverb mai wat 22 da lasifika ɗaya, da Twin Reverb mai wat 85 da lasifika biyu, waɗanda suka fito a 1963, duk a kan wannan tsari suke. A Ingila ma haka Vox AC30 take, wadda ƙungiyar The Shadows da ta The Beatles suka yi suna da ita. Daga Japan kuma kamfanin Roland ya fito da JC-120 a 1975, wadda ba ta da bawul ko ɗaya, amma duk da haka aka bar bayanta a buɗe saboda yadda muryarta ke bazuwa.

Abin dariya a tarihin Bassman shi ne, don masu jitar nan mai kauri ta tsirkiya huɗu aka ƙera ta, amma masu jita ta tsirkiya shida ne suka ƙwace ta. Tsirkiyar ƙasa ta babbar jita sau 41 take girgiza a sakan, tsawon igiyarta ya wuce mita takwas, akwati mai buɗaɗɗen baya kuwa ba ya iya riƙe irin wannan. A farkon shekarun 1960 kamfanin Fender ya raba na'urar da lasifika, ya ɗora ta a kan akwati rufaffe. A daidai wannan lokaci ne wani makaɗi mai suna Dick Dale, wanda dubban samari suke cika masa zauren rawa a bakin tekun Kalifoniya, ya dami Leo Fender da ƙona amfilifaya ɗaya bayan ɗaya, har aka ƙera Showman, mai akwati rufaffe da lasifikar JBL mai inci 15. Ke nan ba Marshall ne ya fara rufe baya ba. Abin da ya yi shi ne ya mai da rufaffen akwati mai lasifika huɗu ya zama alamar wani irin kiɗa.

A 1965 Pete Townshend na ƙungiyar The Who ya nemi Marshall ya yi masa amfilifaya mai wat 100 da akwati mai lasifika takwas. Aka yi, amma masu ɗaukar kaya suka kasa jure nauyinsa, sai aka raba shi biyu aka ɗora ɗaya bisa ɗaya. Wannan ita ce hasumiyar da ake gani a bayan Jimi Hendrix a hotuna. A 1969 kamfanin Ampeg ya yi wa masu babbar jita irin wannan gata da SVT mai wat 300, akwatinta lasifika takwas ne masu inci 10, an kasa cikinsa ɗaki huɗu, kowane a rufe. Dalilin duk wannan tsere ɗaya ne: a lokacin kayan watsa murya na manyan filaye ba su da ƙarfi, akwatin makaɗi shi ne zai kai sauti har sahun ƙarshe. The Beatles sun ɗanɗani wannan a filin wasa na Shea da ke birnin New York a watan Agusta na 1965, inda ihun mutum fiye da 55,000 ya danne kiɗansu.

Amma kada a ɗauka kowane kamfani da ɗarikarsa. Faifan da Eric Clapton ya yi tare da John Mayall a 1966, wanda masu jita suke ɗauka a matsayin mafarin muryar Marshall a faifai, da ƙaramar Marshall mai lasifika biyu da buɗaɗɗen baya aka ɗauke shi.

Wurin wasa shi ne alƙali

A nan ne maganar take, domin akwati ba shi kaɗai yake kiɗa ba, har da ɗakin da aka ajiye shi. Mai buɗaɗɗen baya yana jefa murya gaba da baya. Ta bayan sai ta bugi bango ta komo, ta haɗu da ta gaba a makare kaɗan, sai mai sauraro ya ji kamar sautin ya cika ɗakin, bai san takamaimai daga ina yake fitowa ba. A ƙaramin zaure, ko ajin makaranta, ko ɗakin gwaji, wannan ni'ima ce. Mai ganga, wanda galibi a bayan akwati yake zaune, yana jin abokinsa ba tare da an kafa masa wata lasifika dabam ba. Makaɗi kuma yana iya gyara muryarsa da matsar da akwatin kawai: in ya kusa da bango kauri ya ƙaru, in ya nisa ya ragu. Sai dai ba a manna shi da bango, musamman in mai bawul ne, don kada zafi ya taru.

A fili kuwa labari ya sha bamban. Babu bangon da zai komo da muryar baya, saboda haka rabin wahalar lasifika sai ta tafi ga waɗanda ba su zo kallo ba, abin da ya rage kuma ya fito siriri. Wannan ya shafi makaɗan ƙasashenmu fiye da na Turai, domin yawancin bukukuwa a nan a waje ake yinsu. Masu jita na Agadas, garin da ya fitar da Bombino, a filin biki suke kafa kayansu da janareta, kuma irin wannan wuri ne rufaffen akwati yake nuna amfaninsa, don yana tattara ƙarfinsa gaba. Duk da haka, inda akwai manyan lasifikokin taro da makirfo, matsalar ta ragu ƙwarai. Ana kafa makirfo a bakin ƙaramin akwati, irin Shure SM57 da aka fara sayarwa a 1965, manyan lasifikoki su ɗauki nauyin kai murya nesa. Wannan ne ya sa makaɗa da yawa suka daina jigilar hasumiya.

Rufaffen akwati yana da nasa sharri, wanda ba a cika faɗa wa mai saye ba. Lasifika mai inci 12 tana harba siraran muryoyi a miƙe kamar hasken tocila. Tun da babu muryar baya da za ta bazu a ɗaki, wanda ke tsaye daidai saitin akwatin zai sha kaifi har kunnensa ya yi zafi, wanda ya kauce taku biyu kuwa kauri kaɗai zai ji. Makaɗin da ya ajiye akwatinsa a ƙasa yana tsaye kusa da shi, gwiwoyinsa ne suke cikin saitin, kunnuwansa suna sama. Sai ya ji kamar muryarsa ta dushe, ya ƙara kaifi, ya ƙara ƙarfi, mutanen sahun gaba su yi ta yamutsa fuska bai san dalili ba. Maganin abin mai sauƙi ne: a ɗora akwatin a kan kujera, ko a jingine shi ya dubi kan makaɗi. Fender ya sa wa wasu akwatunansa ƙafafun ƙarfe a gefe don jinginawa, na Marshall kuma akwai wanda rabinsa na sama a karkace yake.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata a Amurka suka bayar shi ne desibel 85 na tsawon awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. A wasan da The Who suka yi a filin ƙwallon Charlton na Landan ranar 31 ga Mayu, 1976, an auna desibel 126. Pete Townshend ya sha faɗa a bainar jama'a cewa jinsa ya raunana, kuma yana fama da ƙara a kunne. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

Ga mai kula da na'urar haɗa sauti, da mai ɗaukar murya a faifai, rufaffe ya fi sauƙin sarrafawa, domin muryarsa ba ta cika kutsawa cikin makirfon mawaƙi da na ganga ba. Buɗaɗɗe kuma yana ba da wata dama: ana iya kafa makirfo na biyu a bayansa, amma tilas a juya masa waya ko a danna maɓallin juyawa a na'ura, in ba haka ba muryoyin biyu za su cinye juna kamar yadda aka bayyana a sama.

Nauyi, ƙura da zanzaro

Akwatin Marshall mai lasifika huɗu ya haura kilo 35, kuma ba ya shiga bayan ƙaramar mota sai da dabara. Wanda zai riƙa hawa bene da kayansa, ko ya ɗora su a kan babur, ya kamata ya yi tunanin wannan tun kafin ya yi tunanin murya. Ba wai buɗaɗɗe kullum sakayau yake ba, domin Twin Reverb ma mutum ɗaya da ƙyar yake ɗaga ta, amma ƙananan masu lasifika ɗaya hannu guda ya ishe su.

A gefe guda kuma, buɗaɗɗen baya ƙofa ce ga kowa. Ƙurar hunturu tana shiga, kyankyaso da ɓera suna samun masauki, zanzaro ya gina ɗakinsa a jikin katako. Makaɗa suna da al'adar zuba wayoyi da sukudireba a cikin ramin, su manta cewa maganaɗisu yana jan ƙarfe, faifan kuma takarda ne. Lasifika da yawa a hanya suke hujewa, ba a wurin wasa ba. Riga ta yadi mai kauri da tela zai ɗinka tana maganin mafi yawan wannan.

Wanda zai ba kafinta aikin akwati rufaffe, ya tabbata an yi shi da katako mai kauri, an manne gaɓoɓinsa da gam, an ɗaure allon baya da sukurori masu yawa. Allon da ya yi sako-sako yana karkarwa tare da kiɗa, ƙaramar kafa kuma tana fito idan iska ta matsu. Shi ya sa a cikin akwatin Marshall ake sa wani gungumen katako a tsakiya wanda ke tokare allon baya. Abu biyu ne kuma bai kamata a yi wasa da su ba. Na farko, ba a rufe bayan amfilifaya mai bawul wadda take gida ɗaya da lasifikarta, don za ta dafa kanta. Na biyu, a dubi lambar om da ke rubuce a bayan na'ura da ta akwati, 4 ko 8 ko 16, a tabbata sun dace, kuma kada a kunna mai bawul ba tare da an haɗa ta da lasifika ba, domin taransifomarta tana iya ƙonewa, gyaranta kuwa ya fi kowane gyara tsada.

To, wanne za a saya? Ga ɗalibi, da ƙungiyar makaranta, da mai kiɗa a ƙaramin zaure inda ake son muryar jita ta fito garau ta bar wa babbar jita fagen kauri, mai buɗaɗɗen baya da lasifika ɗaya ko biyu ya fi dacewa, ya kuma fi sauƙin kuɗi da ɗauka. Masu sayen hasumiya don ado a ɗakin da bai wuce mutum hamsin ba, wahala kawai suke saya wa kansu da maƙwabta. Ga mai kiɗa mai nauyi wanda ke son duka a ƙirji, da mai wasa a fili babu manyan lasifikoki, da mai babbar jita, rufaffe ne abokin tafiya. Akwai kuma tsaka-tsaki. Kamfanin Mesa/Boogie ya yi akwatuna a shekarun 1980 waɗanda rabinsu na sama a buɗe yake, na ƙasa a rufe, wasu kamfanoni kuma suna yin allon baya gida biyu ko uku, yadda za a iya kwance ɗaya a mayar.

Wanda ya riga ya mallaki rufaffen akwati yana iya yin gwajin da kansa da sukudireba kawai. Ya kwance allon baya, ya kula da wayar da ke manne da shi, ya rage ƙarfin na'ura tun da matashin iska ya tafi, ya sa wani ya kaɗa masa jitar, shi kuma ya zagaya ɗakin yana saurare daga inda jama'a za su zauna. Sa'an nan ya mayar da allon ya sake zagayawa, ba tare da ya taɓa ko maɓalli ɗaya ba.